RENE KAYE: MATAFIYIN DA GYAMBO YA ZAUNAR WATA BIYAR A HANYAR TUMBUKTU

Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a ƙasa ya san mabuɗin tafiyar ita kanta ƙafa ce. Ƙaya ɗaya a tafin ƙafa, ko bororo ɗaya a diddige, ya isa ya zaunar da ƙato a bakin hanya yana kallon abokan tafiyarsa suna wucewa. 'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga tarihin wani Bafaranshe da irin wannan ta faru gare shi a tsakiyar tafiyar da ya shekara goma yana shiri dominta. Sunansa Rene Caillie a rubutun Faransanci, amma Kaye ake faɗi. Shi ne Baturen farko na zamaninsa da ya shiga birnin Tumbuktu, ya kuma koma gida da ransa ya ba da labari.

An haifi Kaye ran 19 ga watan Nuwamba 1799 a wani ƙaramin gari mai suna Moze, a yammacin Faransa. Bai tashi cikin gata ba. Ubansa mai gasa burodi ne, aka ɗaure shi a kan laifin sata, ya mutu a gidan sarƙa a 1808. Uwarsa kuma ta rasu a 1811. Da ya zama maraya, sai danginsa suka sa shi koyon ɗinkin takalma. Yaron dai hannunsa na kan fata, amma hankalinsa na kan littattafan tafiye-tafiye da yake arowa, musamman labarin Robinson Crusoe. In ya buɗe taswirar Afirka, abin da ke jan idonsa shi ne farin filin da ke tsakiya, inda masu zanen suka bari ba komi don Turawa ba su san abin da ke wurin ba.

A 1816, yana da shekara 16, ya bar gida da faran 60 a aljihu, ya shiga jirgin ruwa zuwa Sanigal. Yana isa ya ji labarin wasu Ingilishi suna shirin kutsawa cikin ƙasa, sai ya kama hanya a ƙasa daga San Luwi zuwa Dakar don ya riske su. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 300, a kan rairayi mai zafi, ga ƙarancin ruwa. Ya isa a galabaice, dole ya fasa. A 1819 ya sake gwadawa, ya bi wani ayari zuwa ƙasar Bundu, ƙishirwa ta kusa kashe su, zazzaɓi kuma ya kayar da shi, aka mai da shi Faransa. Sau biyu ke nan hanya tana koya masa cewa zafin nema ba ya kawo samu.

Da ya komo Sanigal a 1824 sai ya sake dabara. Ya lura cewa Turawan da ke shiga ƙasa da sojoji da kaya niƙi-niƙi su ne suka fi halaka, don ko'ina suka bi ido na kansu. Saboda haka ya ƙudura zai tafi shi kaɗai, kamar talaka. Ya je ya zauna wajen wata takwas cikin makiyayan Birakna, a ƙasar da yanzu ake kira Muritaniya, ya koyi Larabci da salla da zaman hamada. A wannan lokaci ne wata ƙungiyar masana labarin ƙasa da ke Paris ta yi alkawarin ba da faran 10,000 ga wanda ya fara isa Tumbuktu ya komo da bayaninta. Kaye ya nemi hukuma ta taimake shi, aka hana. Sai ya tafi Saliyo ya yi aiki a wurin sarrafa shuni har ya tara faran 2,000 na guzuri.

A nan akwai abin da bai kamata mu ɓoye ba. Kaye ya ƙaga wa kansa labarin ƙarya. Ya sa wa kansa suna Abdullahi, ya ce shi ɗan Masar ne, sojojin Faransa suka ɗauke shi tun yana ƙarami, yanzu yana neman hanyar komawa ga danginsa da addininsa. Da wannan labari ya ci abincin mutane, ya kwana a ɗakunansu, ya bi su salla, suna jin tausayinsa. Ya yi haka ne don tsoron kada a kashe shi, amma yaudara dai sunanta yaudara, kuma ta zame masa kaya. Tun daga ranar da ya tashi har ya isa bakin teku a Maroko bai taɓa barci da sakin jiki ba, don kalma ɗaya ta Faransanci cikin magagi ta isa ta tona shi.

Ya tashi daga Kakondi, kusa da Boke a ƙasar Gini ta yanzu, ran 19 ga Afrilu 1827. Kwana shida kafin nan, Kyaftin Kilafaton, Baturen Ingila da ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a Sakkwato. Kayan Kaye ba su da yawa: takarda, da albarushi, da taba, da duwatsun wuya, da almakashi, da madubai, da 'yan yadduka, waɗanda zai riƙa sayarwa yana cin abinci. Yana da kamfas biyu na gane gabas da yamma, da 'yan magunguna har da kwinin, da laima ɗaya wadda ta riƙa tara masa 'yan kallo a kowane ƙauye. Ya bi wasu fataken Mandingo suka hau duwatsun Futa Jalon, suna ƙetare rafuka. In zai rubuta abin da ya gani, sai ya raɓe bayan kurmi, ya ɓoye takardarsa cikin warƙoƙin karatu, don wanda ya gan shi ya zaci tilawa yake yi.

Cikin watan Yuni ya ƙetare kogin Kwara a Kurusa, inda mutanen wurin ke kiransa Joliba, ya shiga Kankan, babbar kasuwar fatake. Ya yi wata guda a can, ya tashi a tsakiyar Yuli. To, a nan ne wahala ta soma, gama damina ta riga ta kankama. Kullum ana tafiya cikin ruwan sama, a ratsa fadama, a kutsa cikin doguwar ciyawa mai raɓa. Takalman fata da ya sa suka ci masa ƙafa. Dubi ikon Allah, wanda ya koyi ɗinkin takalma, ga shi takalmi ya zame masa sanadi! Fatar ta saluɓe, wurin ya buɗe, shi kuwa bai tsaya ba, don ayari ba ya jiran mutum ɗaya. Kowace safiya ya sake tsoma ciwon cikin taɓo. Kafin su isa wani ƙauye mai suna Tiyeme, a arewa maso yammacin ƙasar Kwaddibuwa ta yanzu, ran 3 ga Agusta, ƙafar ta kumbura, ɗan ƙaramin rauni ya zama gyambo, ga zazzaɓi a kai.

Mai masaukinsa a Tiyeme wani bafatake ne mai suna Baba, wanda ya sauke shi a ɗakin tsohuwar uwarsa. Sunan da Kaye ya rubuta mata a littafinsa shi ne Manman. Ba a daɗe ba wani ayari ya yi shirin tashi zuwa Jenne, Kaye ya shiga tsaka mai wuya. In ya bi su, zai yi tafiyar wata biyu a kan gyambo cikin damina, kuma in ya faɗi a daji ba mai ɗaukarsa. In ya zauna, guzurinsa zai riƙa ƙarewa, mutane za su sami lokacin sa masa ido, wataƙila ma wani Bature ya riga shi zuwa Tumbuktu. Yaron nan da ya taka rairayin Dakar a 1816 da ya bi ayarin. Amma wahala ta riga ta hore shi. Ya zauna, ayari ya tafi ya bar shi.

Magungunan da ya ɗauko daga Saliyo ba su yi wa ƙafar wani amfani ba. Baba ne ya shiga daji ya haƙo wata saiwa, ya dafa ta har ta yi laushi, ya dandaƙa ta da dutse ta zama kamar man shafawa. Ya wanke gyambon da ruwan dahuwar, ya shafa masa, ya rufe da wani ganye mai ƙanshi, don babu tsumman ɗauri. Daga ran nan tsohuwar ta karɓi aikin, safe da yamma tana wankewa tana sake ɗauri. In muka duba da idon ilmin yau, za mu ga hikima a ciki. Ruwan da aka tafasa ya fi ruwan kududdufi tsabta, rufe ciwon yana hana ƙuda da ƙura, sa'an nan uwa uba mai ciwon ya daina taka ƙafar. Duk da haka sauƙi bai zo da wuri ba. Ɗakin yana da laima, ruwa na zuba ba fashi, har da na farkon ya soma warkewa sai wani gyambon ya ɓullo a ƙafar.

Wajen watan Nuwamba ƙafa ta yi kyau, Kaye ya soma murnar tashi. Ashe babbar jarrabawar tana gaba. Sai ya ji muƙamuƙinsa na ciwo, dasashinsa ya kumbura, haƙoransa suka soma girgiɗi. Fatar ganɗarsa ta saluɓe, har ƙananan ƙasusuwa suka riƙa ɓantarowa daga cikin bakinsa. Ya kasa tauna komi, ya kasa barci. Ya yi wajen mako shida kwance a ƙasa mai sanyi, ya yi matashi da gafakar da takardunsa ke ciki, ya rame har ya zama abin tsoro. Shi da kansa ya fid da rai.

Wannan cuta ita ce likitoci ke kira sikabi, wadda a zamanin da ta kashe ma'aikatan jiragen ruwa masu ɗimbin yawa. Dalilinta rashin bitamin C ne a abinci. Jiki yana bukatar wannan sinadari don ya ƙera abin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, kuma shi ne ke haɗe bakin rauni. Jikin ɗan Adam ba ya iya yin sa da kansa, kuma in mutum ya yi wata biyu ko uku bai samu ba, abin da ya ajiye sai ya ƙare. Ka ga ke nan gyambon da ya ƙi warkewa da ciwon bakin suna iya zama 'yan gida ɗaya, gama Kaye ya daɗe yana rayuwa a kan shinkafa da tuwo. Tun 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya gwada ya ga lemo na warkar da cutar, amma sai a 1932 masana suka gano sinadarin kansa. Abin tausayi, maganin yana cikin abubuwan da ba mu ɗauka a bakin komi ba, kamar lemun tsami, da gwaiba, da ɗanyen barkono, da garin 'ya'yan kuka.

A cikin wannan hali, Manman ce ta riƙe ransa. Da ta ga ba ya iya tauna, sai ta riƙa kawo masa ruwan shinkafa sau biyu a yini, yana kurɓa da ƙyar. Daga baya aka samo wata tsohuwar da ta san cutar, ta tafasa wani jan itace, ta sa shi ya riƙa kurkure baki da ruwan sau da yawa kowace rana. Sannu a hankali bakin ya soma haɗewa. Kada mu ɗauka zaman nan duk daɗi ne. Baƙon da ya daɗe yakan gundura masu gida. Baba ya riƙa neman kyauta a kai a kai, matan ƙauyen suna yi wa Kaye ba'a suna roƙonsa duwatsun wuya, shi kuma yana biyan abincinsa da ɗan abin da ya rage masa. Amma duk da haka ba wanda ya kore shi, tsohuwar kuma ba ta bar shi da yunwa ba.

Ran 9 ga Janairu 1828, bayan wata biyar, ya tashi daga Tiyeme tare da wani ɗan'uwan Baba, cikin ayarin fataken goro. Irin fataucin nan ne da kakanninmu suka sani a hanyar Gwanja: maza da mata ɗauke da kaya a ka, jakuna a gaba, ana kai goro arewa a komo da gishiri. Yanzu rani ne, hanya ta bushe, ƙafar da aka ba hutu ta ɗauki mai ita wata biyu cur ba ta ba shi kunya ba. Suka isa Jenne ran 11 ga Maris. A lokacin garin yana ƙarƙashin Shehu Ahmadu na Masina. A can Kaye ya sayar da sauran hajarsa, ya ba da laimarsa kyauta ga wani babban mutum da ya taimake shi, ya shiga jirgin fatake a kogi. Wajen wata guda suna bisa ruwa, kuma da suka shiga yankin Buzaye sai aka riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin kaya, don in suka ga farin mutum za su ƙara kuɗin fito.

Ya shiga Tumbuktu ran 20 ga Afrilu 1828, shekara guda da kwana ɗaya bayan tashinsa. Turawa sun daɗe suna zaton birni ne na zinariya. Abin da ya tarar gari ne na gidajen ƙasa, rairayi kewaye da shi, ga manyan masallatai da fatake da malamai, mutanensa a ƙiyasinsa tsakanin 10,000 da 12,000. Ya rubuta abin da ya gani yadda yake, bai ƙara gishiri ba, ya kuma zana garin a ɓoye. A can ya ji labarin Manjo Laing, wani hafsan Ingila da ya riga shi isa a 1826 ta hanyar Tarabulus, jikinsa duk saran takobi daga harin da aka kai masa a hamada. An kashe shi jim kaɗan bayan ya bar garin, takardunsa kuma suka ɓace. Mako biyu kawai Kaye ya yi, ya ga gara ya fita tun asirinsa a rufe.

Ran 4 ga Mayu ya bi ayarin raƙuma ɗaruruwa ya nufi arewa, don ya san in ya koma ta hanyar da ya zo za a ce bai je ko'ina ba. Sahara ta gwada masa nata hali. Ana raba ruwa da awo, iska mai zafi na busar da salkuna, guguwar rairayi na rufe su. Ya faɗo daga kan raƙumi ya bugu, ya ci gaba da tafiya da ciwon. Bakinsa da bai gama warkewa ba ya sa cin abinci ya zame masa azaba, abokan tafiyarsa kuwa suna yi masa dariya. Ya dai daure har suka fita Tafilalt. Daga nan ya ratsa duwatsun Maroko, ya isa Fas cikin Agusta, sa'an nan Tanja ran 7 ga Satumba, cikin tsumma, kamar almajiri. Fiye da kwana 500 ke nan, da tafiyar kimanin kilomita 4,500. Wakilin Faransa a Tanja ya ɓoye shi, ya sa masa tufafin ma'aikacin jirgi, ya fitar da shi. Ya sauka Faransa cikin Oktoba 1828.

Aka ba shi faran 10,000 ɗin, da lambar girma, da fansho. A 1830 aka buga littafin tafiyarsa cikin juzu'i uku. Amma wasu, musamman a Ingila, suka ƙaryata shi, suka ce ɗan mai burodi ba zai iya abin da ya gagari hafsoshi ba. Sai a 1853, sa'ad da Dokta Barth, wanda ya bi ta Kano da Sakkwato, ya isa Tumbuktu, ya shaida cewa bayanin Kaye gaskiya ne. Shi Kaye bai ji wannan shaida ba. Ya yi aure, ya koma karkara yana noma, har ya zama magajin wani ƙaramin gari, amma jikinsa bai sake komawa daidai ba. Ya mutu ran 17 ga Mayu 1838, yana da shekara 38. Bayan shekara hamsin da 'yan kai sojojin Faransa suka ci Tumbuktu, kuma labaran matafiya irinsa suna cikin abin da ya share musu hanya. Wannan ma yana cikin tarihinsa.

To, mene ne namu a ciki? Da yawanmu mukan taka sayyada zuwa ƙauye in an ba da hutu, wasu 'yan Sikawut ne, wasu masu gudun dogon zango. Kuskuren Kaye shi ne raina ƙaramin ciwo. Da ya tsaya kwana uku sa'ad da takalmi ya fara cin ƙafarsa, mai yiwuwa da bai kwanta watanni ba. In ƙafa ta fashe a hanya, a tsaya, a wanke da tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, a rufe da tsumma mai tsabta, a tsare ta daga taɓo. In ta kumbura, ko ta soma ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. Kada a fara doguwar tafiya da sabon takalmi, kada kuma guzuri ya zama gari da ƙuli-ƙuli kawai, a jefa lemo a jaka. Dabararsa kuwa ita ce da ya gane kuskurensa ya yarda ya zauna, ya bar ayari ya wuce. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A Moze an kafa wa Kaye mutum-mutumi, a Boke an gina masa abin tunawa, a Tumbuktu an manna allo a gidan da ya sauka. Tsohuwar Tiyeme kuwa 'yan layuka ta samu a littafinsa. Ba ta san ko wane ne shi ba, ba ta san da wani faran 10,000 ba. Ta dai ga baƙo kwance a ɗakinta, ta wanke masa ƙafa, ta ba shi ruwan shinkafa. In ana lissafin waɗanda suka kai Rene Kaye Tumbuktu, ya kamata a fara da ita. Allah ya ba mu haƙurin tsayawa inda tsayawa ta kamata, ya sa mu zama masu jin ƙan baƙo, amin.